Tambaya da Amsa: Wai da gaske ne jirgin faiba ba ya ruɓewa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Na sayi tsohon jirgin ruwa na faiba (zaren gilashi da aka haɗa da rezin, wani gam mai daskarewa) mai ɗakin kwana, tsawonsa ƙafa 24, ƙirar wajejen 1985. Ya shekara shida a kan tirela a fili, ko tamfol babu. Da na wanke shi sai na ga ƙuraje birjik a ƙasan cikinsa, wasu kamar kan yatsa. Na fasa guda, wani ruwa mai warin tsami ya fito. Tun ranar ban samu barcin kirki ba, gani nake na zubar da kuɗina. Akwai kuma 'yan ƙananan abubuwa: daɓen wajen kujerar tuƙi yana lotsawa in an taka, wani ruwa ja-ja yana ɗigowa daga notin ƙasa na inji, sai 'yan tsage-tsage a kusurwoyin bangon baya. Wanda ya sayar mini da mai gyaran da na kira duk sun ce kada in damu da waɗannan, faiba ba ya ruɓewa, a ɗaura farantin alminiyum a bangon baya a yi fenti, shi ke nan. Burina in cire injin doki 115 mai bugu biyu in sa na doki 200 mai bugu huɗu, in yi masa rufi a sama, in kuma cire katangar da ta raba ɗakin don ya yi faɗi. Don Allah, ƙurajen nan sun kashe jirgin ke nan?

Daga wani mai karatu

AMSA

Wa alaikumus salam. Malam, ka kwantar da hankalinka a kan ƙurajen, ka tashe shi a kan abin da ka kira ƙananan abubuwa. Ka bar jaki kana dukan taiki.

Bari mu sallami ƙurajen tukuna. A shekarun da jirgin ya yi yana kwana cikin ruwa, danshi ya ratsa jelkot, wato shafin waje mai sheƙi, ya tarar da ragowar sinadaran foliyesta (rezin ɗin da aka gina jirgin da shi) da ba su gama daskarewa ba, ya narkar da su suka zama ruwa mai tsami, shi kuma ya riƙa jawo wani ruwan har wurin ya kumbura. In sun tsaya tsakanin jelkot da shimfiɗar faiba ta farko, aikin haƙuri ne kawai. A buɗe su da giranda, a yi ta wanke su da ruwan daɗi, a bar jirgin ya bushe na makonni, wani lokacin watanni, a cike da efoksi, wani rezin mai ƙarfin kamu, sannan a shafe ƙasan da rufin efoksi mai hana ruwa shiga. Ka sa tabarau in za ka sake fasa wani, don ruwan yana fita da ƙarfi kuma yana cin ido. Tunda nake wannan sana'a ban ga jirgin da ƙuraje masu girman kan yatsa suka nutsar ba.

Abin da ke nutsar da mutane shi ne maganar nan da aka gaya maka, wai faiba ba ya ruɓewa. Kullum sai na ji ta, daga bakin dillali, daga bakin mai fenti, har daga bakin wanda ya kamata a ce ya fi kowa sani. Kuma abin haushin, rabinta gaskiya ce. Zaren gilashi da rezin ba sa ruɓewa, babu gardama. Amma wa ya ce maka jirgin naka gilashi da rezin ne zalla? Yawancin jirage irin naka na waɗancan shekarun, faiba fata ce, ƙashin katako ne. Bangon bayan da injin ke rataye a kai filawud ne, sau da yawa falle biyu masu kaurin milimita 19 aka manne, aka lulluɓe da faiba ciki da waje. Dogayen haƙarƙarin da suka miƙe daga baya zuwa gaba a ƙarƙashin daɓe, katako ne aka naɗe. Daɓen kansa filawud ne. Rufin ɗaki da dandamalin sama kuwa, sau da yawa icen balsa ne, wani ice mara nauyi, a tsakiya. Kana kallon fari fes mai sheƙi, kyan ɗan maciji.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a jirgi mu da kanmu muke tsaga bangon. Kowane noti na inji rami ne. Kowane sukurun da wani ya ɗaura tsani da shi, ko na'urar auna zurfi, ko ƙafar kujera, rami ne. Bututun da ake zare toshe a zubar da ruwa, shi ma ta cikin katakon ya ratsa. Gam ɗin da aka toshe su da shi ya tsufa ya tsattsage tun tuni. Ruwa ya shiga, faiba ta rufe shi ta kowane ɓangare, ba shi da hanyar fita. Katako in danshinsa ya haura wajen kashi 20 cikin 100 ya daɗe a haka, naman gwari mai ruɓar da katako ya samu gida. Kada ka ce ai jirgin a tudu yake, bai ga teku ba shekara shida. Wannan ya fi muni. Ruwan sama ya fi ruwan gishiri ruɓar da katako, kuma jirgin da aka ajiye ba rufi, in an manta toshe a wurinsa ko gaban ya fi bayan ƙasa, kwatarniya ce aka girke tana tarar ruwan damina shida.

Ruwan nan ja-ja da ke ɗigowa daga notin inji ba tsatsa ba ce kawai. Katakon ciki ne ke narkewa yana biyo ruwa. Tsage-tsagen kusurwa kuwa suna gaya maka bangon yana lanƙwasa duk lokacin da injin ya tura. Lotsawar daɓe ita ce ta uku, kuma a tawa gogewar ba ta cika zuwa ita kaɗai ba, domin ruɓa daga ƙasa take hawowa. In ta kai ga daɓe, sau da yawa ta riga ta bi ta kan haƙarƙari.

Kwanakin baya aka kawo mini wani jirgi da aka yi wa irin maganin da aka ba ka shawara. Faranti mai kauri, an goge shi yana ɗaukar ido, mai shi yana ta yabon wanda ya yi masa. Kukansa ɗaya ne, wai notunan inji kullum sai ya ƙara ɗaure su. Na leƙa ta ciki, na ga wasoshin sun nutse cikin faiba kamar an danna su a laka. Muka sauke injin, muka yanke fatar ciki kamar tafin hannu biyu. Ban ɗauko kurfi ba. Da yatsuna na riƙa kwaso baƙin abu mai danshi, kamar takin da ya sha ruwa, ina zubawa a bokiti, shi kuma yana tsaye yana kallo bai ce uffan ba. Abin da ke riƙe da injinsa fata biyu ne na faiba da babu komai a tsakaninsu. Da wannan yake fita da iyalinsa.

Faranti ba ya mayar da ƙarfin da ya tafi. Ƙarfin bangon baya daga haɗuwar fatun biyu da lafiyayyen katakon tsakiya yake, da kuma yadda bangon ya kama haƙarƙari da gefen jirgi. In tsakiyar ta mutu, farantin zai ɗan raba nauyi a kan fatar waje, ya kuma ɓoye maka tsagewar da za ta gargaɗe ka. Haka masu huda ramuka su ɗura rezin ta sama: rezin ba ya kama jiƙaƙƙen katako, gangarawa yake ya daskare a inda ya ga dama. Haka masu shimfiɗa sabon filawud a kan tsohon daɓe, su rufe ruɓa da rai su ƙara wa jirgi nauyi. Masu cusa bodi-fila na mota a ƙasan layin ruwa, wato ɓangaren jirgi da ke cikin ruwa, kuwa, ban ma san abin da zan ce da su ba, abin da shan ruwa yake. Duk wanda ya ce maka zai gyara bangon baya a yini ɗaya ba tare da ya sauke inji ba, ka yi masa godiya ka raka shi ƙofa. Bangon baya ba ya karyewa a bakin gaɓa lokacin da kake zaune lafiya. Yana bari ne sai ka ba inji wuta ko igiyar ruwa ta ɗaga ku ta maka, sa'an nan ya buɗe, a ƙasan layin ruwa, a wurin da ya fi ko'ina nauyi. Wanda ya hau jirginka amanar ransa ya ba ka, bai kuma san abin da ke bayan farantin ba. Kai ka sani yanzu.

Ba sai ka yarda da ni ba, jirgin zai ba ka amsa da kansa. Ɗauki ƙaramar guduma mai kan roba mai tauri, ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa taƙi bayan taƙi. Lafiyayyen wuri yana amsawa da kaifi, kau-kau. Inda ya saki zai ce buf. Zagaye wurin da fensir. Sannan ka ɗaga ƙafar injin sama, wani ya danna ta ƙasa da nauyin jikinsa, kai kana tsugune a gefe kana kallon bangon. Ko motsi kaɗan ka gani, ko tsagewar ta buɗe baki ta rufe, magana ta ƙare. Na'urar auna danshi tana taimakawa, amma tana ruɗewa kusa da ƙarfe, don haka ban cika dogara da ita ita kaɗai ba. Alƙalin ƙarshe shi ne diril. Daga ciki, da baki mai milimita 6, ka naɗa masa salatif don kada ka ɓulla waje, ka huda kusa da notunan ƙasa, kusa da bututun toshe, da gindin haƙarƙari. Tari garin a tafin hannunka. In ya fito fari, busasshe, yana ƙanshin katako, ka gode wa Allah ka cike ramin da efoksi. In ya fito baƙi yana dunƙulewa, ko ruwa ya biyo bakin diril, ka san inda kake.

Gyaran gaskiya ba shi da wani sirri, wahala ce kawai da ƙura. A sauke inji. A tallafe jirgin sosai a kan majingina kafin a taɓa haƙarƙari, domin in ka yanke su jirgin yana zaune a kan 'yan tayoyin tirela, cikinsa zai lotsa, ka zo ka daskarar da shi a karkace har abada. Ana yanke fatar ciki, a bar ta waje don ita ce ke riƙe da siffar jirgi. A kwashe katakon tas, a gurje har sai an ga tsabtatacciyar faiba. Sabon tsakiya ko dai filawud na ruwa na ainihi, irin mai lambar BS 1088, ko allon roba mai zaren gilashi irin Coosa wanda ba ya ruɓewa. A manna shi da efoksi mai kauri, a matse, a lulluɓe da yadin gilashi mai zare gicciye, kowace shimfiɗa ta zarce ta ƙarƙashinta ta kama gefen jirgi da haƙarƙari. Na fi son efoksi a nan domin ya fi foliyesta kama tsohuwar faiba nesa ba kusa ba. Inda za a haɗa sabuwar fata da tsohuwa, a fiƙe bakin da gangaren 12 bisa 1: fata mai kaurin milimita 6 tana son gangare mai faɗin milimita 72. Ramukan noti kuma a huda su da faɗi, a cike da efoksi, in ya daskare a sake huda daidai girman noti, ta yadda ruwa ba zai sake ganin katako ba. Ka sa takunkumin hanci na gaske da safar hannu, ƙurar nan ba ta wasa da huhu.

Tunda daɓen zai tashi, duba soson roba da aka ɗura a ƙarƙashinsa don hana jirgi nutsewa. In ya sha ruwa ba ya bushewa, kwashe shi ake yi, kuma kowace lita kilo guda ce da kake jan ta a banza. Tankin mai na alminiyum da ya kwana cikin jiƙaƙƙen soso yakan yi ƙananan huji ta ƙasa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan jirgi yake kwanciya yana jiran tartsatsi. A fito da tankin a gwada shi.

Game da burinka, injin doki 200 mai bugu huɗu ya haura kilo 200, ya fi wanda ke kai yanzu nauyi, ga turawar da ta kusa ninkawa. Ko bayan an sabunta bangon, sai ka nemo iyakar ƙarfin da maƙerin jirgin ya yanka masa. Ba lallai ka sami ɗan allon da ke nuna wannan iyaka a jikinsa ba, don ko dokar Amurka jiragen da ba su kai ƙafa 20 ba ta wajabta wa, saboda haka nemi takardun wannan ƙirar. Ka kuma lura da ramukan da ke zubar da ruwan daɓe: in nauyi ya danna baya suka nutse, maimakon su fitar da ruwa shigo da shi za su yi. Rufin sama ka yi shi mara nauyi, bututun alminiyum da tamfol ko siririn allo, domin duk kilon da ka ɗora sama yana ƙara wa jirgi tangaɗi. Katangar ɗaki kuwa, leƙa gindinta. In an kama ta da faiba a jikin jirgi, ita ke hana gefuna motsi tana kuma tallafe rufin. Kana iya faɗaɗa ƙofarta ka bar baka mai ƙarfi a kewaye, amma kada ka cire ta ɗungurungum.

Kada ka sayi inji, kada ka sayi fenti, kada ka biya kafin alƙalami na rufi. In diril ya nuna bango da haƙarƙari da daɓe duk sun tafi, zauna ka yi lissafi da idon basira, don sau da yawa kuɗin aikin yakan zarce abin da jirgin zai yi a kasuwa, sai dai in da hannunka za ka yi kuma son jirgin ne ya sa. A wannan makon dai ka zare toshen baya, ka ɗaga gaban tirela ruwa ya tsiyaye, ka rufa masa tamfol, ka huda ramukan gwajin nan guda shida ko takwas. Zuba garin kowane rami a 'yar leda daban, ka rubuta daga inda ya fito, ka turo mini hotonsu.