Muryar Gwaggo Malama a zauren gida: amsar tambayar Auta

An rubuto wannan murya ne saboda masu cewa ba su da data, da kuma su Inna da suka ce a karanta musu.

Murya ta farko

Assalamu alaikum jama'ar gida. Baffa ina wuni, Inna ina gajiya, yayye da ƙanne kowa da kowa ina gaisuwa. Ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji, janareton sashen da ke kusa da mu ne, tun safe babu wuta. Yanzu na fito daga aji na buɗe waya na tarar da saƙo ya fi ɗari.

To na bi su ɗaya bayan ɗaya. Jiya da daddare Auta ta yi tambaya, ta ce tunda an sa ranar bikinta bayan Babbar Sallah, ita kuma tana aji biyu a fiziks, shin ta ajiye karatun ne ko yaya za ta yi? Minti kaɗan bayan nan Yaya Babba ya turo hoton nan mai ɗauke da fuskokin matan da suka shugabanci jami'o'i a Najeriya. Shi ke nan, zaure ya rikice. Masha Allah, Tabarakallah, mata iyayen giji, wannan ya turo fulawa, wancan ya turo tafi. Ni ma na ji daɗin hoton wallahi. Amma na yi ta gangarawa ƙasa ina neman wanda ya amsa wa yarinyar nan, ban ga ko mutum ɗaya ba. Muna ta yi wa na cikin hoto guɗa, tamu ta gida tana tsaye a bakin ƙofa da tambayarta a hannu.

Bari in fara sallamar masu tambayar labarin makaranta, don na ga Kawu ya tambaya har sau biyu. Lafiya lau muke. Jarrabawar zangon nan ta matso, an kafe jadawali, yara duk sun koma kwana a aji. Wanda bai kammala rajista ba ya hanzarta, don in aka rufe shafin sai an sha wuya. Masu neman bashin karatu na NELFUND, wanda aka fara a 2024, kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa jami'a, na kashewa ne kawai ke shiga asusun ɗalibi, saboda haka kada wani ya zauna yana jiran alat na kuɗin rajista. Maganar yajin aiki kuwa, ku daina turo duk abin da kuka gani a Facebook. Na san na 2022 ya bar mana tabo, wata takwas cur daga Fabrairu zuwa Oktoba, shi ya sa ko tari ƙungiyar malaman jami'a ASUU ta yi sai gaban kowa ya faɗi. In akwai wani abu ni zan fara faɗa muku. Ruwa a hostal ɗin mata kuma, hmm, wannan sai addu'a, har yanzu da bokiti ake bin layi.

To Auta, yanzu ni da ke.

Akwai wata baiwar Allah da ba ta cikin hoton da Yaya ya turo, kuma ita ce ta fi kama da ke. Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero, a fanninki take, fiziks, ɓangaren sararin samaniya da yanayi. 'Yar ƙaramar hukumar Gezawa ce. Tana gama sakandare aka yi mata aure tana da shekara 18. Ta zauna a ɗakinta, ta haihu, ta yi raino. Sai da ta kai shekara 29 sannan ta shiga jami'a. Ki lissafa, shekara 11 ke nan rabonta da aji. Har makarantar renon yara ta buɗe tana juyawa don ta samu abin biyan kuɗin karatu. A 2015 aka ba ta kyautar gidauniyar Elsevier ta mata masana kimiyya na ƙasashe masu tasowa. Su biyar aka ba a shekarar, uku 'yan Najeriya, ɗaya 'yar Sudan, ɗaya 'yar Biyetnam. A shekarar dai BBC ta sa ta cikin jerin mata 100 na duniya.

Kada wani ya ce to ai ga shi nan, Auta ta ajiye, in ta kai 29 ta dawo. A'a. Ni na fi shekara goma sha biyar ina koyarwa, na ga masu cewa za su dawo. Wadda ta dawo ita ake ba da labarinta, waɗanda ba su dawo ba a kasuwa nake haɗuwa da su ko a gidan suna, su ce Malama kin gane ni? In ce na gane ki mana, ke ce mai zama a layin gaba. Sai mu yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Abin da nake so ki ɗauka a labarin Farfesa Rabi'a shi ne aure da fiziks sun taɓa zama a ɗaki ɗaya, kuma ba su yi faɗa ba. Ke kuma Allah Ya hutar da ke, kin riga kin shiga, ba sai kin sake zana JAMB ba.

Murya ta biyu

Afuwan, wani ɗalibi ne ya shigo neman sa hannu.

Ina so in ba ku labarin wata kuma, wannan su Inna za su fi kowa ganewa. Farfesa Hadiza Galadanci, likitar mata da haihuwa a Kano, ita ma ta Bayero. Kun san abin da ya fi kashe mata wajen haihuwa shi ne ɓallewar jini. Duk gidan nan babu wanda bai san wata da ta tafi ta wannan hanyar ba, Allah Ya jiƙansu. To a asibiti ƙa'idar ita ce in mace ta zubar da rabin lita bayan haihuwa, an shiga haɗari. Rabin lita fa, ledar fiya wata guda ɗaya ke nan. Matsalar ita ce da ido ake kintatawa. Ungozoma ta dubi zani, ta dubi gado, ta dubi ƙasa, ta ce ai da sauƙi. Ido kuwa yana rage lissafi. Kafin a farga mace ta fara ganin jiri, jiki ya yi sanyi.

Sai aka yi wani babban bincike, ana ce masa E-MOTIVE, a asibitoci 80 na ƙasashe huɗu, Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, mata sama da 200,000. Ita ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Me suka yi? Wata leda ce mai kamar mazurari a ƙasanta, da layukan awo a jiki, ana shimfiɗa wa mace da zarar ta sauka. Jinin na taruwa a ciki, kowa na ganin inda ya kai, babu gardama. Da ya taɓa layin, ba a tsayawa gwada magani ɗaya a jira a gani. A lokaci guda ake yin komai: a murza mara don mahaifa ta tsuke, a yi allurar da ke ƙara tsuke ta, a ba da maganin da ke taimaka wa jini ya daskare, a ɗaura ƙarin ruwa, a duba ko akwai inda ya yage ko wani abu ya saura a ciki, in abin ya ƙi a kira na gaba. Da aka fitar da sakamakon a 2023, sai aka ga mummunar zubar jini da abin da take jawowa sun ragu da kashi 60 cikin 100. A asibitocin da ake amfani da ledar ana gano matsalar a fiye da kashi 90 na masu ita, inda ake kintace da ido kuwa kusan rabi kawai ake ganowa. Mujallar TIME ta Amurka ta sa ta cikin mutum 100 mafiya tasiri a harkar lafiya a 2024.

Ni abin da ke burge ni a nan, ba wata na'ura ba ce mai tsadar gaske. Leda ce da awo. Amma sai da aka samu wadda ta yi shekaru tana tsayuwa a ɗakin haihuwa cikin dare, ta san yadda zani ke shanye jini ya ɓoye shi, sannan kuma ta iya lissafi da tsarin bincike. Baffa, ku gafarce ni, ku ne kuke cewa kullum in za a kai iyali asibiti a nemo likita mace. To likita macen nan 'yar wani ce, kuma akwai ranar da aka zauna a gidansu ana shawarar ko ta ci gaba ko ta tsaya.

Na dawo kan hoton Yaya. Gyara ɗaya tukuna, don na ga wani ya rubuta wai ai duk mataimaka ne. Fassarar 'yan jarida ce ta jawo haka, su ne ke fassara VC, wato Vice-Chancellor, da mataimakin shugaban jami'a. Wanda ake kira VC shi ne mai jan ragamar jami'a kullum, shi ke sa hannu, shi ake zagi. Uban jami'a, wanda galibi sarki ne, sai ranar bikin yaye ɗalibai ake ganinsa da alkyabba.

Ta farko a ƙasar nan ita ce Farfesa Grace Alele-Williams, malamar lissafi, ta karɓi Jami'ar Benin a 1985, lokacin da ƙungiyoyin asiri suka addabi makarantar, kuma ta yi tsayin daka da su. A nan Arewa muna da Farfesa Gambo Laraba Abdullahi, 'yar Azare, masaniyar kemistiri, da ta riƙe Jami'ar Abuja. Ga Farfesa Fatima Batul Mukhtar, masaniyar tsirrai daga Kano, ta shugabanci Jami'ar Tarayya ta Dutse daga 2016 zuwa 2021, ta cika wa'adinta na shekara biyar. Farfesa Kaletapwa Farauta daga shugabancin jami'ar jiha da ke Mubi ta zama mataimakiyar gwamnan Adamawa a 2023. Jami'ar Legas kuwa, duk da tun 1962 aka kafa ta, sai a 2022 ta samu mace ta farko, Farfesa Folasade Ogunsola, shekara 60 ke nan. Wato ba mu kaɗai ke da nauyin ƙafa ba.

Kuma kujerar ba katifa ba ce. Kun tuna Farfesa Aisha Maikudi, 'yar Katsina, malamar shari'a? A farkon Janairun 2025 ta kama aiki a matsayin cikakkiyar shugabar Jami'ar Abuja, tana da shekara 41, muka yi ta yaɗa hotonta a wannan zauren. Rigima ta taso kan yadda aka yi zaɓen da kuma shekarun da ta yi tana farfesa, a watan Fabrairu shugaban ƙasa ya sauke ta ya rushe majalisar gudanarwar jami'ar. Ba zan shiga wa ke da gaskiya ba, amma na lura ranar ba wanda ya turo komai a nan. Mu dai mun iya taya murna.

Murya ta uku

Cajina ya kusa ƙarewa, bari in faɗi abin da ya kamata a yi.

Auta, kada ki ajiye. Kuma kada ki yi abin da yara ke yi, su ɓace kawai ba takarda, sai bayan shekara biyu su dawo a ce an cire sunansu. In ma ya zama dole ki huta, akwai hanyar jingine karatu a hukumance: ki rubuta takarda ta hannun malamin da ke kula da ajinku, ta je wa shugaban sashe, ta wuce tsangaya, majalisar malamai ta amince, ki karɓi kwafinki ki adana kamar takardar fili. Amma ni a ganina ba ki ma buƙatar wannan yanzu. Bikin zai faɗo ne cikin hutu in an matsa shi da mako biyu kacal. Baffa, wannan roƙona ne gare ku, mako biyu. Ku ne kuka sa ranar, ku ne za ku iya taɓa ta.

Sannan maganar karatun a yi ta yanzu, tsakanin waliyyai, a gaban shaidu, ba tsakanin saurayi da budurwa a zaure ba. Saurayi kafin aure ko wata kika ce ya ɗauko miki zai ce to. A faɗa wa iyayensa ƙarara cewa yarinya tana aji biyu, saura shekara biyu, akwai ranakun da za ta wuni a ɗakin gwaje-gwaje har la'asar, akwai lokacin jarrabawa da tuwon dare zai makara. In sun amince, a san wa zai biya kuɗin rajista, wa zai riƙa ba da kuɗin mota. A kan kuɗin adaidaita sahu na ga karatun wata ya mutu, wallahi ba a kan wani babban abu ba.

In Allah Ya kawo rabo kuma, to nan ne ake gane masu Masha Allah na gaskiya. Ni da na haifi na biyu ina tsakiyar digiri na biyu, Inna ce ta bar ɗakinta ta zo ta zauna da ni wata huɗu. Ranar da zan kare bincikena, a bayan ɗakin taron ta zauna kan tabarma da jariri a cinya, in ya yi kuka ta zagaya da shi bayan gini don kada malamai su ji. Sunanta ba ya kan takardar shaidata, amma ita ta san rabonta a ciki. Inna yanzu ƙafa ta ƙi, ba za ta iya wannan ba. Don haka ina tambayar matan zauren nan, musamman ku da kuke unguwa ɗaya da inda za a kai Auta, wa zai karɓi Litinin, wa zai karɓi Laraba? Ni na ɗauki Talata da Alhamis, ba ni da aji da safe, kuma akwai tabarma a ofishina. Yaya Babba, kai da ka turo hoto, kwamfutar da za ta yi furojet da ita tana wuyanka, na faɗa a gaban kowa.

Auta, ki same ni ofis gobe bayan azahar. Ki zo da takardar rajistarki da sakamakon zangon da ya wuce, don na ji ƙishin-ƙishin akwai kariyoba, wato darasin da kika faɗi, a lissafi da kike ɓoye mini. Ki taho da ruwan sanyi in kin biyo ta bakin get. Wassalamu alaikum.