Ƙamshi ba ya shiga kyamara

Ɗana, ka ce mutane suna ta tono tsofaffin tallace-tallacen turare na talabijin suna kallo a waya, kana so ka san me ke cikinsu, alhali kyamarar da ke hannunka yau ta fi tasu nesa ba kusa ba. Da wani ne ya tambaya, da na ce ya je ya ci gaba da kallo har ya gane. Amma tambayarka ta fama min wani tsohon miki, don haka ka natsu ka ji.

Abin da ku yaran yanzu ba ku tsaya kun yi tunani a kai ba shi ne ƙamshi ba ya shiga kyamara. Mai tallan sabulu zai nuna riga da dauɗa, ya sake nuna ta fes, magana ta ƙare. Mai turare fa, me zai nuna? Ruwa ne a kwalba. Mutanen da sun san haka, shi ya sa ba su ɓata lokaci wajen bayanin abin da ke cikin kwalbar ba. Sai su nuna maka mutumin da kake so ka zama, ko abin da zai faru a wurin da ka gifta, su bar hancinka ya ƙarasa aikin.

Dubi tallan Old Spice da aka yi ta sawa a Ingila a shekarun 1970. Mutum ɗaya ne a kan allo yana hawan igiyar ruwan teku, ga amon mawaƙa masu yawa kamar zai tsaga akwatin talabijin. Ba wanda ya ce maka akwai kaza da kaza a ciki, amma kana gama kallo ka ji sanyin ruwan a fuskarka. Masu Brut 33 kuma suka ɗauko Henry Cooper, ɗan damben da ya kai Muhammad Ali ƙasa a Wembley a 1963, suka sa shi yana yayyafa wa jikinsa turare bayan motsa jiki. Dabara ce. Mazan can a lokacin suna ganin shafa turare aikin mata ne, to in ɗan dambe ya shafa, wa ke da bakin magana? Mu nan ba mu taɓa samun wannan matsala ba, turare sunna ne, namiji ba ya jin kunyarsa ran Juma'a. Bint el Sudan ma, wanda kamfanin W.J. Bush na Landan ya fito da shi a 1920, ya gama zagaye ƙasar nan a hannun fatake da alhazai tun kafin a kunna talabijin a Kaduna a 1962.

Wanda na fi so ka kalla da idon basira shi ne na Chanel No. 5 da Ridley Scott ya yi a 1979. Shigar da ke ciki ba tamu ba ce, ba ita nake nuna maka ba. Ka lura da inuwar jirgin sama da ke ratsawa ta kan tafkin wanka, shuɗin ruwa da shuɗin sama, ba hayaniya, ba gaggawa. Inuwar nan kaɗai ta gaya maka akwai dukiya da tafiya da wani da ake jira. Sai na Égoïste, na 1990, aikin Jean-Paul Goude. An gina fuskar otal sukutum a Burazil, an kwaikwayi Carlton na garin Kan a Faransa, don talla ɗaya tak. Mata a tagogi suna buɗe ƙyaure suna rufewa tare da kiɗa, suna kiran sunan turaren cikin fushi. Shi kuwa namijin da ake wa wannan fushi ba a nuna fuskarsa ba, hannunsa kawai ya fito ya ajiye kwalba. Wanda ya yanke shawarar ɓoye fuskar nan ya san aiki.

Ka kuma san da fim mai faɗin milimita 35 suke ɗauka, wanda ke cin ƙafa 90 a minti ɗaya. Naɗi mai ƙafa 400 bai kai minti biyar ba, ga kuɗin wankewa, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanko. Mutumin da ke aiki a haka dole ya gama tallan a kansa da kan takarda kafin ya taɓa kyamara. Ku kuwa ku danna ku bari tana ta ci, ku ce a gyara wajen tacewa. Ba na cewa duk na da masu kyau ne. An yi shirme da yawa, ya mutu, masu kyaun ne suka rage kuke gani. Akwai kuma kewa a ciki: wani in ya ga koriyar kwalbar Brut, mahaifinsa yake tunawa.

Yanzu bari in gaya maka abin da tambayarka ta tuno min.

Bayan faɗuwar naira ta 1986, lokacin da kuɗin kaset da ƙwan fitila suka yi tashin gwauron zabo, wani attajirin ɗan turare a nan Kano ya aiko a kira ni. Yana da sabon turaren mai, marar giya, yana so a yi masa talla na daƙiƙa 30. Ya ce a nuna shagonsa, a nuna shi a zaune a kan kujera, a karanta adireshi. Na ce Alhaji, wannan kowa zai yi maka, ba sai ka kira ni ba. Ka ba ni dama in yi maka abin da za a riƙa zancensa a majalisa. Ya yarda, ya ba ni kashi ɗaya cikin uku kafin alƙalami, ciko sai an gama. Ba takarda. A lokacin in dattijo mai gemu ya ce tsakaninmu amana, a gaban mutane, an gama.

Ga abin da na tsara. Wani malami makaho, mutum mai kamala, yana zaune a kan buzu a ƙofar zaure da la'asar sakaliya, yana jan carbi. Mutane suna wucewa, bai ɗaga kai ba. Sai wani ya taho cikin farar babbar riga, ba a ganin fuskarsa, gefen rigar kawai da takalmi. Bai yi sallama ba tukuna, bai yi gyaran murya ba. Malam ya tsayar da carbi, ya ɗaga kai, ya yi murmushi, ya ce, “Alhaji, barka da zuwa.” Sai kwalba. Shi ke nan. Ba kiɗa sai sarewa can ƙasa-ƙasa.

Ka san wahalar da na sha kuwa? Na yi hayar kyamara da rikodar U-matic, irin mai kaset na minti 20 da ake ratayawa a kafaɗa har ta karkatar da mutum. Hasken da nake so a bangon zauren ba ya daɗewa, in rana ta ɗan sauka ya tafi, sai gobe. Muka yi ta komawa. Malamin nan bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba, sai da na bi ta wajen ɗansa da limamin unguwa kafin ya amince, na kuma yi masa alkawarin abin da za a ba shi. Murmushin da ya fito a tallan ba na wasa ba ne. Na sa an shafa wa rigar turaren da gaske, ban gaya masa lokacin da mutumin zai gifta ba, hancinsa ne ya gaya masa. Kyamarorin lokacin kuma in walƙiyar gilashi ta buge su sai ta ja wutsiyar haske a hoto, in ka yi sake ma ta ƙone idon kyamarar da ba taka ba. Kwalbar nan ita kaɗai ta cinye min dare.

Da na kai masa, ya kalla shiru. Yaran shagonsa suka ce a sake sawa. Shi kuwa ya ɓata rai, wai ina fuskarsa, wai kwalba ba ta fito ba sai a ƙarshe. Can ya sauko, ya ce abin ya yi, amma abokin cinikinsa na Legas ne zai sa hannu a fitar da ciko, in ba shi uwar kaset ɗin, masta, ya kai masa ya gani, don na gida ba ya fita sosai. Ya rantse mako ba zai zagayo ba. Ya ce, “Haba malam, ni zan cuce ka?”

Daga ranar ya zama ba ya nan. Yau ya tafi Legas, gobe ya tafi Umara, jibi yana ciki da baƙi. Mai kyamara ya matsa min, kuma da gaskiyarsa. Na sayar da babur ɗina na biya shi, na biya yaran da suka riƙe fitila, na kai wa malam abin da na yi masa alkawari, don ba zan iya haɗa ido da ɗansa ba in ban kai ba. Ana nan, wani abokina da ke aiki a wata jiha ya aiko min cewa ya ga tallana a tasharsu. Na je na gani da idona. An yanke kwalbar da na kwana ina haskawa, an liƙa wata daban da wani suna, an ɗora muryar wani yana ihun adireshi a kan maganar malam. Ashe sayar da aikin ya yi wa wani ɗan turaren, ya ci riba a kan gumina. Shekaru aka yi ana sa shi. Na kai ƙara wajen shugabannin kasuwa, mutumin ya dube ni a gaban dattawa ya ce, “Ina takarda?” Daga baya, da aka matsa masa, ya aiko yaro da abin da a lokacin ko kaset biyu ba zai saya ba. Na mayar masa. Na bar shi da Allah, kuma har yau ban yafe ba. Kuɗin bai fi ci min rai ba kamar ihun da aka ɗora a kan muryar bawan Allahn nan.

Shi ya sa kake ganin ba na barin aiki ya fita daga ɗakin nan sai ciko ya shigo. Mai talla ya zo nan ya zauna ya kalla, ko a tura masa ƙarami mai tambarinmu a tsakiya. Ranar da na ji ka tura wa wani cikakken aiki ta WhatsApp don ya ce maka “yanzu zan turo”, ranar za mu rabu.

Abin da ke ba ni haushi da ku shi ne kun samu kayan aikin da ko a mafarki ba mu gani ba, amma duk tallan turarenku iri ɗaya ne. Yarinya ta riƙe kwalba kusa da kunci, ta fesa, ta lumshe ido, a jero lambar waya uku, a cika fuskar hoto da rubutu mai tsalle. Kun ga wani ya yi, kun kwafa. Ba wanda zai zauna ya tambayi kansa: in mai wannan turare ya fita daga ɗaki, me ya bari? Wa ya waiga? Amarya ce ta wuce, ko ango, ko mai zuwa masallaci? Humra da turaren wuta na Maiduguri ba irin labarin turaren ɗan kasuwa mai zuwa ofis suke da shi ba, amma ku kiɗa ɗaya kuke sa musu.

Saita kyamara da daidaita fari ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai iya wannan ba ya koma ɗaukar hoton biki. Kwalba ce ba ku iya ba. Kada ka haska ta daga gaba, gilashi zai mayar maka da fitilarka ne kawai. Ta baya ake haska ta, hasken ya ratso ruwan. Ka yanka takarda mai ƙyalli daidai siffar kwalbar ka tsayar a bayanta yadda kyamara ba za ta gan ta ba, ka sa baƙin kwali dama da hagu don gefunanta su fito. In fitilar mai zafi ce, kada ka sa turaren gaske a ƙarƙashinta, zai yi gumi a ciki, takardar jiki ta saki. Ka juye shi, ka zuba ruwan shayi marar madara, ka sirka har launin ya zo daidai.

Aikin hajiyar nan mai humra da ke gabanmu, kai za ka tsara shi. Ka kalli waɗancan da na lissafa maka, ka kashe sautin, ka ƙirga hoto nawa ne a kowanne. Sannan ka rubuto min naka a takarda ɗaya, daƙiƙa 30, kwalba ba za ta fito ba sai a biyar ɗin ƙarshe, lambar waya guda ɗaya. Ka kawo min ran Asabar da hantsi, kuma ka tabbata ta sa hannu a takardar ciniki kafin mu ɗauki ko fitila.