An ce da shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa na shiga soja: ta ina zan ɗaukaka ƙara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi shekara shida a rundunar sojan ƙasa ta Amurka, na bar aiki a 2016. Yanzu ba na iya tsayuwar awa guda sai tafin ƙafafuna sun hau zogi, da safe kuwa sai na dafa bango kafin dunduniyata ta yarda da ƙasa. Na nemi alawus na nakasa a ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wato VA, wata huɗu da suka wuce aka aiko mini da takardar ƙin amincewa. Dalilinsu shi ne likitan da ya duba ni ranar ɗaukar aiki ya rubuta cewa dama tafin ƙafata a shimfiɗe yake. Gaskiya ne ya rubuta, amma a lokacin ko ciwo ba na ji. Shin maganar ta mutu ke nan? Daga wani tsohon soja a Houston.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Maganar ba ta mutu ba, sai dai ka san abin da za ka tsaya a kansa, domin a nan ne yawancin masu irin ƙararka suke ɓata ƙarfinsu.

Dokar Amurka tana ɗaukar duk wanda aka ɗauka soja a matsayin lafiyayye, in ban da abin da likita ya rubuta a gwajin shiga. Tunda naka an rubuta, babu amfanin ka ce aikin soja ne ya jawo maka shimfiɗewar ƙafa. Abin da za ka tabbatar shi ne aikin ya tsananta ta. Sashe na 1153 na kundi na 38 na dokokin Amurka, haɗe da ƙa'idar VA a kansa, ya ce idan lalurar da mutum ya shigo da ita ta ƙaru a lokacin aiki, za a ɗauka aikin ne ya ƙara ta, sai in ma'aikata ta kawo hujja bayyananniya, wadda ba ta da ja, cewa ko yana gida ma haka ciwon zai ci gaba. Nauyin nuna ƙaruwar yana wuyanka. Da zarar ka nuna, nauyi ya koma wuyansu. Amma fa kotu ta yanke tun 1991 cewa ciwon da ya taso bayan doguwar tafiya ya kuma kwanta ba shi ne tsananta ba. Dole ita lalurar ce kanta ta ƙaru ta zauna.

Saboda haka je ka karanta ainihin kalmomin likitan nan na farko. Sau da yawa abin da suke rubutawa shi ne shimfiɗewa kaɗan, ba alamar ciwo. In haka ne, takardar da aka kayar da kai da ita ce babbar shaidarka, don ita ce ta nuna daga inda ka taso. Sai ka jera mata abin da ya biyo baya: ranakun da ka je asibitin bariki, takardar da aka taɓa ba ka ta hana gudu ko doguwar tafiya da kaya, shimfiɗar cikin takalmi da aka ba ka, da gwajin ranar sallama.

In ba ka taɓa zuwa asibiti ba, kamar yadda sojoji da yawa suke daurewa don gudun a ce musu ragwaye, ba a rufe ƙofa ba. A shari'ar Buchanan ta 2006 kotun tarayya ta ce rashin rubutun asibiti shi kaɗai bai isa a yi watsi da maganar tsohon soja ba. Abokan aikinka da suka ga kana ɗingishi bayan atisaye, da maiɗakinka, za su iya rubuta shaida a fom 21-10210. Su faɗi abin da idonsu ya gani da lokacin da suka gani, su bar wa likita maganar cuta.

Mafi nauyi a cikin hujjojin shi ne ra'ayin likitan ƙafa. Ya ɗauki hoton ƙashi kana tsaye, ya karanta tarihinka na soja, sannan ya rubuta cewa yiwuwar aikin ne ya tsananta lalurar ta kai aƙalla rabi da rabi, ya kuma bayyana dalilinsa. Rabi da rabi ya isa, domin doka ta ce in hujjoji suka yi kusan kunnen doki, tsohon soja ake ba wa gaskiya. Takardar likita mai layi biyu ba tare da dalili ba kuwa, ba ta da wani tasiri a gaban mai yanke hukunci.

Tun watan Fabrairun 2019 hanyoyin neman sake dubawa uku ne. Akwai ƙarin buƙata da sabuwar hujja, a fom 20-0995. Akwai neman babban jami'i ya sake duba fayil, a fom 20-0996, amma a nan ba a karɓar ko takarda ɗaya sabuwa. Sai kuma kai ƙara gaban alƙalin Hukumar Ɗaukaka Ƙarar Tsofaffin Sojoji da ke Washington, a fom 10182. A ganina ta farko ce taka. Abin da fayil ɗinka ya rasa hujja ce, kuma hanya ta biyu ba ta da wurin sa ta. Tana da amfani ne kawai in ka gano cewa shaidar tana ciki aka tsallake ta. Hukumar kuwa layinta na da tsawo, musamman in ka nemi zama da alƙali, ana iya kwashe shekaru. Ajiye ta sai an sake ƙi. In ita ma ta ƙi, kwana 120 gare ka ka kai gaban kotun tsofaffin sojoji.

Kula da kalanda. Shekara ɗaya ce daga ranar da ke kan takardar hukuncin, kenan saura maka wajen wata takwas. In ka shigar a cikin wa'adin, ranar buƙatarka ta asali tana nan, kuma daga ita za a lissafa maka bashin baya.

In an amince, sai maganar kason nakasa, wanda da shi ake lissafa alawus. A ƙarƙashin lamba 5276, wato lambar da VA ta ba shimfiɗewar ƙafa a jadawalinta, shimfiɗewar da takalmi na musamman yake magance ta sifiri ce. Matsakaiciya kashi 10. Mai tsanani, wadda ƙafa ta karkace sosai, tana kumbura in an yi tafiya, fata kuma ta yi kanta, kashi 20 ne a ƙafa ɗaya, 30 a biyu. Mafi tsanani, inda tafin ba ya taɓuwa don zafi, agara ta karkata ciki, takalmin asibiti kuma bai yi amfani ba, kashi 30 a ɗaya, 50 a biyu. Za a cire matakin da ka shigo da shi, wanda in babu ciwo a lokacin, sifiri ne. A 2025 kashi 10 dala 175.51 ne a wata, kashi 50 kuwa ya haura dala 1,100, ka ga tazarar ba ƙarama ba ce.

A nan zan ja kunnenka a kan wata ɗabi'a tamu. Mu in aka tambaye mu jiki, “da sauƙi, alhamdulillahi” ce amsa ko da mutum yana cije haƙori. Likitan da ma'aikata za ta tura ka wurinsa zai rubuta da sauƙin nan yadda ka faɗa. Gode wa Allah a zuciyarka, amma ka gaya masa yadda ranar da ciwon ya fi tashi take: minti nawa kake iya tsayuwa, ko ka koma yin salla a zaune, ko shimfiɗar takalmin ta taimaka ko ba ta taimaka ba. Kada ka ƙara gishiri, kada ka rage.

Zogin dunduniyar nan na safe ya yi kama da kumburin jijiyar tafin ƙafa, wanda tun Fabrairun 2021 yake da lambarsa dabam, 5269, daga kashi 10 zuwa 30. Likita ya tabbatar tukuna. In shi ne, tunda ba a rubuta shi ranar shiga ba, kana iya nemansa da sabuwar buƙata, haka ma gwiwa ko baya in canjin taku ya taɓa su. Sai dai ba a biyan ciwo guda sau biyu da sunaye biyu.

Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV, VFW da American Legion suna cike waɗannan takardu kyauta. Wanda duk ya nemi kuɗi a hannunka, tambaye shi shaidar amincewar VA kafin ka sa hannu. Ka fara da neman kwafin fayil ɗinka gaba ɗaya a makon nan, domin yakan ɗauki watanni kafin ya iso, kuma da shi likitanka zai yi aiki.