Tambaya da Amsa: Kafin a Kai Labari Wurin Ɗab'i

Tambaya: Na kammala rubuta ƙagaggen labari. Shin in miƙa shi ga kamfanin ɗab'i kai tsaye, ko in fara neman edita?

Amsa: Malama, ki ajiye rubutun na 'yan makonni tukuna, domin idon da ya rubuta shi ba zai lura cewa jarumar da mahaifiyarta ta rasu a babi na 2 ta je gaishe ta a babi na 9 ba. Edita mai zaman kansa yakan fara da ginin labari kafin ƙa'idojin rubutu, don haka ki ba shi shafi 5 na gwaji kafin ku yi ciniki. Kamfanin da ya nemi kuɗinki kuwa, ki karanta yarjejeniyarsa a tsanake, musamman batun haƙƙin mallaka.