Tambaya da Amsa: Ina son ƙaramar kwamfuta wadda ba ta hayaniya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah so nake in haɗa kwamfutar tebur da hannuna, ƴar ƙarama kuma mara ƙara, don tawa ta yanzu in na kunna ta da dare kamar injin niƙa. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. To gaskiya ƙanƙanta da shiru ba su cika jituwa ba, ƙarar nan da ke damunka fankoki ne ke fama da zafi, in akwatin ya matse kuwa zafin ba shi da hanyar fita dole su ƙara gudu. Shi yasa ni ba zan ce ka fara da akwati mafi ƙanƙanta ba, irin Fractal Terra mai wajen lita 10 yana da kyau a ido amma haɗin farko a cikinsa sai ka yi gumi. Irin Cooler Master NR200 mai wajen lita 18 ya fi maka sauƙi, yana ɗaukar fankoki masu milimita 120, kuma babbar fanka a hankali take juyawa ta tura iska mai yawa, ƙananan su ne masu tsiwa.

Madabod ɗinka, wato babban allon da ake jona sauran kayan a kansa, ƙaramin samfurin nan Mini-ITX zai zama, santimita 17 ta kowane gefe, ramin RAM (ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta) biyu kawai gare shi, don haka sayi RAM ɗin da za ta ishe ka tun farko. Na'urar ba da wuta ka nemi ƙaramin samfurin da ake kira SFX, musamman wadda fankarta ke tsayawa cak in aiki bai yi nauyi ba. Ajiyar fayiloli kuma SSD na M.2, ɗan siririn kati da ake makala wa a madabod, ba abin da ke juyawa a cikinsa balle ya yi ƙara.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne awo wallahi. Kafin ka biya ko kwabo buɗe shafin kamfanin akwatin ka duba tsayin na'urar sanyaya furosesa da yake ɗauka, da tsawo da kaurin katin girafik, ka rubuta a takarda, don milimita biyu kacal na iya hana murfi rufuwa. Akwatuna masu matsi sosai sai gajerun na'urori irin Noctua NH-L9 mai milimita 37, ita kuma ba ta iya furosesa mai cin wuta da yawa ba. Zaɓi furosesa mai wat 65, in Ryzen na kamfanin AMD ne ma akwai Eco Mode da ke rage cin wutar a BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, a aikin yau da kullum da wuya ka ga bambanci.

In ka gama haɗawa ɗaure wayoyin gefe guda kar su tare iska ko su taɓa fanka, sannan ka shiga BIOS ka saita fankokin su riƙa tafiya a hankali sai zafi ya hau tukuna. Kuma kar ka manna akwatin da bango, bar masa ko tazarar tafin hannu ta wajen da iska ke fita.