Tambaya da Amsa: Zomayen da aka bar mini, in ba mai kiwo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina karɓar zomayen da mutane suka gaji da su. Wasu an saya wa yara ne don wasa, wasu kuma masu su sun bar gari. Yanzu sun kai 11, abincinsu ya fi ƙarfina. Wani mai kiwo ya ce in ba shi duka ya zuba cikin nasa su riƙa haihuwa. In ba shi? Maman Sadiq, Bukuru.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Maman Sadiq. Allah ya saka da alheri. Kada ki ba shi duka, kuma kada ki ba shi ko ɗaya kafin ki tantance su.

Kiwon zomo sana'a ce mai kyau, namansa halal ne, ba mu da ja a kan wannan. Damuwarmu ita ce zomon da ya tashi a tsakar gida daban yake da na keji. Mai kiwo yana buƙatar macen da ta fara haihuwa tana wata biyar zuwa bakwai. Cikinta kwana 31 ne, ta haifi shida zuwa takwas, a yaye su a sati biyar ko shida, a mayar da ita wajen namiji. Macen da ta shekara biyu ko uku ba ta taɓa haihuwa ba, tana cin ragowar burodi da dusa, kitse ya riga ya lulluɓe mata ciki. Da wuya ta ɗauka, in ta ɗauka kuma haihuwar kan zo da gardama. Daga shekara uku zuwa sama, ciwon dajin mahaifa ya yi yawa a matan da ba a yi wa aikin cire mahaifa ba. Alamarsa jini a fitsari ko ƙarƙashin wutsiya. Mai kiwo zai gwada ta sau biyu ko uku, in babu ciki, wuƙa ce makomarta. Shi bai yi laifi ba, lissafin sana'arsa ke nan. Sai dai wanda ya kawo miki ita, a kan haka kuka rabu? In amana ya ba ki cewa za ta rayu, ki kira shi ki faɗa masa gaskiya tukuna.

Sai batun cuta, wanda ya fi shafar shi mai kiwon. Zomayenki daga gidaje daban-daban suka fito. Ki ɗauki kowanne ki duba. Ki leƙa cikin kunne: ɓawo mai ruwan ƙasa kamar busasshen ƙanzo, ƙwarin kunne ne. Ki duba cikin ƙafafun gaba: in gashin ya manne ya yi tauri, da su yake share majina, kuma wannan murar ba ta cika rabuwa da zomo gaba ɗaya ba. Ki juya shi ki duba al'aura da gefen hanci. Ƙuraje masu ɓawo a nan cuta ce da ake ɗauka wajen barbara, namiji ɗaya ya isa ya raba wa keji goma. Ki ɗaga leɓe: haƙoran gaba da suka saɓa wa juna suka yi tsawo, yawanci gado ne, irin wannan ba a kiwo da shi. Mafi muni ita ce cutar zubar jini da ta ɓulla a Najeriya a 2020. Zomo ya kwana lafiya, a wayi gari ya mutu, wani lokaci da jini a hanci. In kin taɓa ganin haka, kada zomo ya fita daga gidanki, ki sanar da likitan dabbobi. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tana nan kusa da ke.

Wanda za ki iya ba shi shi ne ɗan ƙasa da shekara, wanda kin san iyayensa, ya kuma tsallake wannan dubawa. Shi ma a killace shi kwana 30 nesa da sauran, da mazubin ruwansa da na abincinsa daban. Ki je ki ga kejin da idonki. Zomon da ya saba da siminti, in aka ɗora shi a kan waya tsirara, dugadugansa kan tsage su yi gyambo, don haka a sa masa katako a gefe ɗaya.

Sauran kuwa, yau ɗin nan ki raba maza da mata, domin mace na iya ɗaukar ciki washegarin haihuwa. Likita ya fiɗiye mazan, amma kada ki haɗa su da mata sai bayan sati shida, har lokacin suna iya yin ciki. Ba a hana zomo abinci kafin aiki, tunda ba ya amai. Daga nan ki nema musu gidaje. Kuɗin abinci kuma zai ragu in kika koma kan harawa da busasshiyar ciyawa da ganyen dankalin Hausa da ya sha iska, dusa ta zama ƙari kawai.

TAMBAYA: An ba ni namijin zomo daga Jos, can yana ba da 'ya'ya, amma tun da na kawo shi a watan Maris babu macen da ta ɗauka. Malam Idi, Gwagwalada.

AMSA: Malam Idi, zafi ne ya fi kama da dalili. Idan zafi ya haura digiri 30 ya daɗe, maniyyin zomo kan raunana, kuma ko bayan gari ya yi sanyi sai ya ɗauki kusan wata biyu kafin ya dawo daidai. Maris da Afrilu a Gwagwalada ba kamar Jos ba ne. Ka mayar da kejin inuwa, ka shimfiɗa ciyawa a kan kwanon rufi, ka sa masa gorar ruwa mai ƙanƙara ya jingina da ita da rana. Barbara kuma da sassafe, ka kai macen kejinsa, kada ka kai shi nata, za ta yi masa faɗa. In damina ta kankama wata biyu babu canji, ka gwada matan da wani namijin.