Ka kwance notuna, filawil ya ƙi fita? Ajiye gudumar tukuna

Ɗana, ka ce ka raba tsohuwar tarakta Massey Ferguson 135 ɗin gida biyu, ka sauke kuloci, ka kwance duk notunan filawil, wato ƙaton faifan ƙarfen da ke bayan inji, amma ya ƙi motsi, kana tambaya ko ka sa ƙarfe a bayansa ka ɓamɓaro shi. Kada ka yi. Kafin ma mu ci gaba, mayar da noti biyu yanzu, ka ɗaura su da hannu.

Ƙarfen nan nauyinsa na iya haura kilo 30, kuma abin da ke riƙe da shi a yanzu ɗan leɓen ƙarshen karanshaf (babbar sandar da inji ke juyawa) ne kawai da tsatsar shekaru. 135 tsohuwar ƙira ce, ka lissafa tsawon zaman da suka yi manne da juna. Ranar da zai saki ba ya sallama. Ina yaron shago na taɓa ɓamɓarar wani haka, ya suɓuce ya faɗi a kan siminti, tazarar yatsa biyu da ƙafata, haƙora biyu na ringiya, wato zoben haƙoran da ke kewaye da filawil, suka karye. Har yau idan na ga yaro ya cire noti na ƙarshe ba madogara, gabana faɗuwa yake.

Ka sa alama? Na san ba ka sa ba. Ɗauki fanci ka buga ɗigo ɗaya a filawil, ɗaya a bakin karanshaf, daura da juna. A injuna da yawa alamar taimin, wadda ake saita lokacin ba inji mai da ita, a jikin filawil take, ta ɗan ramin gefe ake leƙa ta. Wasu kamfanonin sun gusar da ramin noti ɗaya ko sun sa ƙusar saiti don ya shiga ta fuska ɗaya tak, amma kada ka dogara da hakan. In ya koma a karkace, za ka saita famfon mai da alamar ƙarya, ka yi kwanaki kana neman laifin a inda babu shi.

Yanzu ka nemo dogayen bol biyu masu zare iri ɗaya da na filawil, tsawon kamar inci 4 ko 5. Lura, waɗannan tsofaffin injuna zaren inci gare su, ba na milimita ba. Ka tura na milimita da ƙarfi, ka kashe zaren karanshaf. Yanke musu kai, ka tsaga bakin da zarto yadda sukudireba zai kama, ka ɗaura su a ramuka biyu masu fuskantar juna. Su ne titin da filawil zai zame a kai. Sai ka cire notin nan biyu, ka zuba man sassauta tsatsa a kewayen cibiyar, ka ba shi lokaci, ko da kwana ne. Bayan nan ka duba fuskarsa: in akwai ramuka masu zare da ba su riƙe komai, banda na notunan kuloci, na turowa ne, ɗaura bol a ciki kana juya su bi da bi. In babu, ɗora guntun katako mai tauri ka riƙa bugawa a hankali, dama, hagu, sama, ƙasa. Za ka ji sautin ya canza kafin ka ga ya motsa. Ku biyu za ku sauke shi, ko ka rataye shi da sarƙa. Yatsu kada su shiga ƙarƙashinsa.

Ringiya kuwa ba wurin bugu ba ce. Da zafi aka sa ta, ta huce ta kama. Duka na iya goce ta ko ya tsage ta.

Wani abu: ƙurar da ke cikin gidan kuloci kada ka hura ta da iska. Tsofaffin faifan kuloci da asbestos ake yin su, yana lalata huhu. Jiƙa tsumma ka goge.

Da ya sauka, kwantar da shi a kan katako ka karanta shi. Shuɗin tabo a fuskar da kuloci ke kamawa alamar zafi ce, ƙananan tsage da kwari kuma na nufin sai an kai shi an share fuskar. In tsagar ta taso daga ramin noti, wannan filawil ya gama aiki, ban yarda a yi masa walda a mayar ba. Juya boris ɗin tsakiya da yatsa. Ni canza shi nake ko da bai yi ƙara ba, don ba zan sake raba tarakta saboda shi ba. Haka oyal-sil na bayan karanshaf. Haƙoran ringiya za ka ga sun fi cinyewa a wasu wurare kaɗan, domin inji kusan a waɗannan wuraren yake tsayawa kullum, nan kik ke fara cizo.

Ba duk tsohuwar tarakta ke haka ba. John Deere mai silinda biyu, irin su A da B na shekarun 1930 zuwa 1952, filawil ɗinsu a waje yake, a gefen hagu, zaune kan haƙoran karanshaf, bol biyu ne ke matse shi. Wurin zamansa ne ke ƙayyade wasan karanshaf gefe da gefe, don haka can ana auna wasan kafin a kwance.

Wajen mayarwa, goge fuskokin biyu tas, ko ɗan ɓurɓushin tsatsa zai sa shi rawa. Tokare karanshaf da katako ta ciki idan kwanon mai a cire yake, ka sa sababbin makullan noti, ka ɗaure a gicciye, kaɗan-kaɗan, da sifanar awo mai nuna ƙarfin ɗauri, daidai adadin da littafin injin ya faɗa. Sannan ka ɗora gejin agogo, mai auna ko filawil na rawa, a fuskarsa, ka juya shi zagaye ɗaya. Rubuta abin da allurar ta nuna ka kawo mini kafin ka ɗora kuloci.